BABI NA UKU: HIRAR TALABIJIN KAN IMANI DA AƘIDA A KUDANCIN BIRNIN KADUNA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo tarihin kafuwar birnin Kaduna da ire-iren al'ummomin da suke zaune a cikinsa. A wannan babi kuwa za a dubi wani nau'i na shirye-shiryen talabijin, wato hirar da ake yi da fitattun mutane a kan abin da suka yi imani da shi. Za a fara da ma'anar hira da abin da ya bambanta ta da wa'azi, sannan a waiwayi zuwan talabijin Kaduna da yanayin masu kallo a unguwannin da ke kudu da kogi. Daga nan sai a kawo rabe-raben waɗanda ake hira da su, da irin Hausar da ake amfani da ita, da kuma dokokin da suka yi wa shirin shinge. Dalilin ware wa wannan batu babi guda shi ne, a birni irin Kaduna maganar addini a bainar jama'a ta sha zama sanadin asarar rayuka, haka kuma ta sha zama sanadin sulhu.

3.1 Ma'anar Hira da Bambancinta da Wa'azi

A asalin Hausa, hira ko fira na nufin zantawar da mutane kan yi don ɗebe kewa, musamman da dare bayan an ci tuwo, a zaure ko a ƙofar gida. Da kafofin watsa labarai suka zo sai suka ari kalmar suka faɗaɗa ta. A wurinsu hira ita ce zaman da ma'aikacin gidan rediyo ko talabijin kan yi da wani baƙo, yana yi masa tambayoyi yana amsawa, domin amfanin masu sauraro ko masu kallo. Idan tambayoyin suka shafi addinin baƙon da tarbiyyarsa da abin da ya dogara da shi a lokacin tsanani, to ita ce hirar imani da aƙida da ake magana a kanta a nan.

Irin wannan hira ta sha bamban da wa'azi ta fuskoki uku:

(a) Mai wa'azi shi yake zaɓen abin da zai yi magana a kai, kuma ba a katse shi. A hira kuwa linzamin yana hannun mai tambaya.

(b) Wa'azi yana faɗa wa jama'a abin da ya kamata su yi. Hira kuwa tana neman baƙon ya faɗi abin da shi kansa ya yi, da abin da ya ji a ransa.

(c) Masu halartar wa'azi yawanci mabiya ne da suka je da ƙafarsu. Hira kuwa tana shiga ɗakin mabiyi da wanda ba mabiyi ba.

Har ila yau, hirar talabijin ta ɗara ta rediyo da abu guda, wato ganin fuska. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shirun da baƙo ya yi kafin ya amsa, ko sunkuyar da kai, ko murmushin yaƙe, duk saƙo ne ga mai kallo. Wani tsohon misali da ya shahara shi ne hirar da John Freeman ya yi da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung a talabijin na BBC a 1959. Da aka tambaye shi ko ya yi imani da Allah, sai ya ɗan yi jim, sannan ya nuna cewa shi abin ya wuce imani a wurinsa, sani ne. Wannan jim ɗin na daga cikin abin da masu kallo suka riƙe.

3.2 Zuwan Talabijin Birnin Kaduna

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi ne a Ibadan a 1959. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa nata kamfanin watsa labarai, wato BCNN, wanda ya haɗa rediyo da talabijin a Kaduna. Wannan ne ya sa tsofaffi suka san shi da Rediyo Talabijin Kaduna. Bayan gwamnatin soja ta karɓe gidajen talabijin na ƙasar, dokar da ta kafa hukumar NTA ta fito a 1977, ɓangaren talabijin ɗin ya koma NTA Kaduna, ɓangaren rediyo kuma ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya.

Tun farko rediyo ne ya buɗe wa addini ƙofa. Tafsirin Shehu Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sarkin Musulmi Bello, da na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi, sun shiga lunguna da saƙo na Arewa ta Rediyon Kaduna. Su ma coci-coci an ba su filin wa'azi da waƙoƙi, musamman ranar Lahadi da lokacin Kirsimeti da Ista. Sai dai duk waɗannan wa'azi ne, malami ke magana jama'a na saurare.

Sauyi ya zo ne bayan Doka ta 38 ta 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. DITV ta Kaduna na cikin gidajen talabijin masu zaman kansu na farko a ƙasar. Daga baya aka sami Liberty TV, ga kuma talabijin na gwamnatin jiha da ke ƙarƙashin KSMC. Zuwan tauraron ɗan Adam ya ƙaro Channels da AIT, da Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, da tashoshin addini irin su Sunnah TV da Manara TV. Yawan tashoshi ya kawo gasa, gasa kuma ta sa aka shiga neman fitattun baƙi da tambayoyin da za su riƙe mai kallo.

3.3 Kudancin Kogi da Masu Kallonsa

Kogin Kaduna ya ratsa birnin ya raba shi biyu. A kudu da shi ake samun unguwanni irin su Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Unguwar Romi, Unguwar Boro da Gonin Gora, waɗanda suka faɗa cikin ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun. Nan ne cibiyar masana'antun birnin a da. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980. Neman aiki ya tara Gbagyi da Hausawa da Atyap da Bajju da Ham da Adara da Tibi da Ibo da Yarabawa a gidajen haya guda, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su.

Rikice-rikice ne suka sauya wannan zama. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 da na Zangon Kataf na 1992 duk sun fantsamo cikin birnin. Mafi muni shi ne rikicin Shari'a da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairu 2000, ya sake tashi a watan Mayu, inda mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. A watan Nuwamba 2002 aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya ci fiye da mutum 200, sannan rikicin bayan zaɓe na Afrilu 2011. Bayan kowane rikici sai a ga Kirista suna kwashe kaya suna tsallakowa kudu, Musulmi kuma suna komawa arewa, har wasu mazauna birnin kan kira arewacin Makka, kudancin kuma Urushalima. Duk da haka ba a rabu kwata-kwata ba, domin Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa suna da mabiya addinan biyu.

Abin lura a nan shi ne tasirin wannan rabuwa ga matasan da aka haifa bayan 2000. Yaron da ya tashi a Unguwar Romi yana iya kammala sakandare bai taɓa zama ya ji malamin Musulunci yana ba da labarin ƙuruciyarsa ba. Haka shi ma takwaransa na Rigasa game da fasto. Aikin da maƙwabtaka take yi a da, na sanin mutum da halinsa, wani kaso daga cikinsa ya koma hannun akwatin talabijin. Wannan ne ya ba hirar imani nauyi na musamman a wannan yanki.

3.4 Rabe-raben Waɗanda Ake Hira da Su

Idan aka yi la'akari da matsayin baƙi, ana iya kasa su gida huɗu.

3.4.1 Malamai da Shugabannin Coci

Waɗannan su ne aka fi gayyata. Daga cikin waɗanda suke da alaƙa da Kaduna akwai Dokta Ahmad Gumi, da Bishop Matthew Hassan Kukah wanda ya yi aiki a cocin Katolika a Kaduna kafin a naɗa shi Bishop na Sakkwato a 2011, da Josiah Idowu-Fearon wanda ya shugabanci cocin Angilika a Kaduna har zuwa 2015, ya kuma yi karatu mai zurfi a kan Musulunci. A Sabon Tasha akwai Fasto Yohanna Buru, wanda 'yan jarida suka sha zantawa da shi da Hausa saboda Musulmi kan halarci bikin Kirsimeti a cocinsa, shi ma yakan kai musu ziyara lokacin azumi da Mauludi. Shirin BBC Hausa mai suna Ku San Malamanku misali ne na hirar da ke tambayar malami tarihinsa da malamansa da iyalinsa, ba fatawa ba.

3.4.2 'Yan Siyasa

Idan aka tambayi ɗan siyasa batun addini, galibi rabon muƙamai ake nufi. Daga 1999 an saba gwamna da mataimakinsa a Jihar Kaduna su fito daga addinai daban-daban, ta haka ne ma Patrick Yakowa ya zama Kirista na farko da ya hau kujerar gwamna a 2010. A zaɓen 2019 Malam Nasiru El-Rufa'i ya ɗauki Dokta Hadiza Balarabe, Musulma daga kudancin jihar, a matsayin mataimakiya. A wata hira da talabijin na Channels kafin zaɓen ya nuna cewa ko Fafaroma ya ɗauko, akwai waɗanda ba za su zaɓe shi ba. Magoya bayansa sun ɗauki maganar a matsayin faɗin gaskiya, Kirista da yawa kuwa suka ɗauke ta a matsayin raini. Ko a Ingila irin wannan tambaya takan sa ɗan siyasa ya yi taka-tsantsan, kamar yadda aka gani a 2003 lokacin da Jeremy Paxman ya tambayi Firayim Minista Tony Blair ko sukan yi addu'a tare da Shugaba Bush na Amurka, ana gab da yaƙin Iraƙi.

3.4.3 'Yan Fim da Mawaƙa

Tambayar da aka fi yi wa waɗannan ita ce yadda suke haɗa sana'arsu da addininsu. 'Yar fim Musulma za a tambaye ta karatun allo da Islamiyya da batun aure, mawaƙin bishara kuma a tambaye shi ko waƙa kira ce daga Ubangiji ko neman abinci. Amsoshinsu yawanci kare kai ne daga zargin da jama'a ke yi wa sana'ar.

3.4.4 Waɗanda Suka Sauya Addini

Wannan rukuni ya fi kowanne haɗari, domin da wuya mutum ya bayyana dalilin shiga wani addini ba tare da ya taɓa wanda ya bari ba. Rikicin 1987 ya samo asali ne daga wa'azin da wani da ya bar Musulunci ya yi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Saboda haka gidajen talabijin da ke yi wa kowa da kowa aiki sukan yi kaffa-kaffa da irin wannan hira.

3.5 Misalin Liman Ashafa da Fasto Wuye

Babu hirar imani da ta fito daga Kaduna ta zaga duniya kamar ta Liman Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Dukansu sun jagoranci matasan ɓangarensu a shekarun rikici. A tarzomar 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su ya haɗa su a wurin wani taro, daga nan suka fara ganawa har suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna. Suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. A 2006 Alan Channer ya fitar da fim ɗin tarihinsu mai suna The Imam and the Pastor, wanda ginshiƙinsa hira ce da su biyun.

Abubuwa uku suka sa hirarrakinsu suka yi tasiri. Na farko, kowannensu yakan faɗi abin da ba a saba ji daga bakin shugaban addini ba. Wuye ya sha bayyana cewa shekarun farko na tafiyarsu zuciyarsa ba ta huce ba, har yakan raya a ransa ya hallaka abokin nasa idan sun kwana wuri guda. Na biyu, kowanne ya danganta sauyinsa da addininsa. Ashafa ya ambaci wata huɗubar Juma'a a kan yafiyar da Annabi (SAW) ya yi wa mutanen Ɗa'ifa, Wuye kuma ya ambaci nasihar wani fasto cewa ba a yi wa Almasihu bishara da ƙiyayya a zuci. Na uku, ba su taɓa cewa addinan biyu ɗaya ne ba. Kowa yana kan aƙidarsa, kuma sukan faɗi haka a fili. Wannan ya sa mai kallo a Sabon Tasha ko a Tudun Wada ba ya jin ana neman ya saki nasa. Daɗin daɗawa, hannun roba da Wuye ke sanye da shi hujja ce da ido ke gani, wadda rediyo ba zai iya nunawa ba.

Sai dai kuma ya kamata a lura cewa wata uku kacal bayan yarjejeniyar Agusta 2002 aka yi rikicin Nuwamba. Ke nan hira da yarjejeniya suna taimakawa, amma su kaɗai ba sa kashe wutar da talauci da rashin aiki da siyasa ke hurawa, musamman a yankin da masaƙunsa suka durƙushe.

3.6 Hausar Hira

Musulmi da Kirista a Kaduna suna magana da Hausa ɗaya, amma Hausar addininsu ta ɗan sha bamban. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, coci-coci irin su ECWA da HEKAN da Baptis suka gina nasu kalmomi, da yawa daga cikinsu an aro su ne daga Hausar Musulunci aka ba su sabuwar ma'ana. Ga misalai:

(a) Imani da bangaskiya: Musulmi ya fi cewa imani, Kirista kuma bangaskiya.

(b) Sujada: ga Musulmi sa goshi a ƙasa ne cikin salla, ga Kirista kuwa dukan taron ibada ne a coci.

(c) Baiko: ga sauran Hausawa tsayar da maganar aure ne, a coci kuwa kuɗin da ake bayarwa ne lokacin ibada.

(d) Zakka: a Musulunci tana da nisabi da ƙa'idojinta, a coci kuwa ɗaya bisa goma ake nufi.

(e) Annabi Isa da Yesu Almasihu: sunan da mai tambaya ya zaɓa yana nuna inda ya tsaya.

Ƙwararren mai gabatarwa yakan yi wa baƙo tambaya da kalmar da baƙon ya saba da ita, idan kuma akwai ruɗani ya nemi ya fayyace wa masu kallo. Haka nan yakan kiyaye laƙabi, ya ce Malam ko Akaramakallahu ga malami, ya ce Fasto ko Rabaran ko Baba ga shugaban coci. Akwai kuma kalmomin da ake gudu, irin su arne da kafiri da tubabbe, domin ko mai faɗa bai nufi zagi ba, wanda aka faɗa wa zagi yake ji. A gefe guda, kalmomi irin su Allah, Ubangiji, addu'a, azumi, gafara, haƙuri da albarka na kowa ne, kuma a kansu hirar sulhu ta fi dogara.

3.7 Dokoki da Matsaloli

Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 38 ya ba da 'yancin addini, na 39 kuma 'yancin faɗin albarkacin baki. Ƙa'idojin NBC sun hana watsa abin da zai ci zarafin wani addini ko ya tunzura jama'a, a 2004 ma hukumar ta hana nuna mu'ujizojin da ba a tabbatar da su ba. A matakin jiha an kafa dokar wa'azi a 1984, wadda yunƙurin sabunta ta a 2016 ya jawo muhawara mai zafi daga ɓangarorin biyu.

Duk da waɗannan dokoki akwai matsaloli. Ta farko ita ce shirin kai-tsaye, inda ba a iya tace abin da baƙo ko mai bugo waya zai faɗa, ga shi kuwa magana zarar bunu ce. Ta biyu ita ce sayen fili, domin idan baƙo ne ya biya kuɗin shirin, mai tambaya ba zai iya matsa masa ba, sai hira ta koma yabo. Ta uku ita ce yanke hira. Zaman minti 30 ana iya tsakuro daƙiƙa 30 daga cikinsa a watsa a WhatsApp da Facebook da TikTok, ba tare da tambayar da ta jawo amsar ba. Rikicin 2002 ya taso ne daga 'yan layuka a jaridar ThisDay, wanda ya nuna cewa guntuwar magana ta isa ta tayar da gari.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa hirar imani da aƙida ta bambanta da wa'azi, kuma ta bunƙasa a Kaduna ne bayan an ba da damar buɗe tashoshi masu zaman kansu a 1992. An nuna yadda rabuwar birnin bayan 2000 ta sa mazauna kudancin kogi da na arewacinsa suka rage cuɗanya, har talabijin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suke ganin juna. An kawo rukunoni huɗu na baƙi, da misalin Ashafa da Wuye, da kalmomin da ma'anarsu ta bambanta tsakanin masallaci da coci. Abin da ya fito fili shi ne, amfanin hirar ko illarta ya rataya ne a kan irin tambayar da aka yi, da kalmar da aka zaɓa, da kuma amanar wanda ya tace shirin. A babi na huɗu za a nazarci salon tambaya da amsa a cikin irin waɗannan hirarraki.